Labari Ne Ke Saya wa Itace Daraja

Jama'a, ni dai ra'ayina shi ne itace ba ya tsada sai an ɗaura masa labari. Ku leƙa rumbunan 'yan koli a unguwar Treichville, inda Hausawa suka daɗe suna cinikin sassaƙe-sassaƙe: za ku tarar da sabon gunki an bar shi a hayaƙi, an goga masa goro da ƙasa har ya yi kama da kayan kaka da kakanni, domin Bature tsufa yake saye, gwanintar masassaƙi kuwa ko oho. Wannan ƙishirwar ce ta sa a 2014 aka sayar da wani mutum-mutumin ƙabilar Senufo a gidan gwanjon Sotheby's na New York kan dala miliyan 12, alhali ba a san sunan wanda ya sassaƙa shi ba. Amma ku dubi Djidji Ayôkwé, gangar mutanen Ebrié na Adjamé, mai tsawon fiye da mita 3 da nauyin kilo 430. Da ita suke sanar da ƙauyuka cewa masu kamen aikin tilas sun taho, shi ya sa Faransawa suka ƙwace ta a 1916. Jikokin mutanen Ebrié ba su daina neman ta ba, har majalisar Faransa ta amince da mayar da ita a 2025. Farashi 'yan gwanjo ke yanka shi, amma daraja sai masu abu. Don haka kafin ku sayar da tsohuwar rigar saƙi ko allon zayyanar kakanku, ku fara tambayar dattawan gida tarihinsa.