Wa Ya Ce Kasuwar Dare Ƙauyanci Ce?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, wadda lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Ɗabi'ar kuwa ita ce yaba abin wasu da raina namu, ko da abin iri ɗaya ne. A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga ɗakin kwanan ɗalibai ka rasa wanda ya duƙufa a kan wayarsa yana kallon kasuwannin dare na Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, inda ake soya taliya a bakin titi, wuta na tashi, Turawa masu yawon buɗe ido na tsaitsaye da kwanuka a hannu. Sai ka ji ana cewa, "Kai, mutanen nan sun ci gaba!" To, amma mai wannan yabo, in ya je gida hutun ƙarshen mako aka ce ya zo a tafi kasuwar dare a sayi ƙosai, sai ya yatsine fuska ya ce shi ya wuce wannan ƙauyanci. Shin me ya raba kaskon matar Bankok da kaskon matar Dudunni?

Ga wanda bai sani ba, ko wanda boko ya sa ya yi kamar ya manta, Dudunni gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Kusada, maƙwabciyar Kankiya, a tsakiyar Jihar Katsina. A garuruwa irin namu, da an sallame sallar isha'i sai dandali ya fara cika. Da can fitilar aci-bal-bal ce ke haska shi, yau kuwa fitila mai caji ce da 'yar sola. Ga mai tsire a gindin tukubarsa, ya kewaye wuta da tsinkaye, yana juya su yana barbaɗa ƙuli. Ga mai waina da tandarta, ga mai ɗan wake tana tsamo shi da zafinsa tana yaryaɗa mai da yaji, ga awara, ga kwaɗon zogale, ga fura da nono. Can gefe kuma mai shayi ne da teburinsa da bencinsa da rediyonsa, wanda shi ne majalisar gari. Daren Juma'a da na Asabar sun fi cika, domin a ranakun ne ma'aikata da 'yan ci-rani suke dawowa daga Katsina da Kano. A Kankiya kuwa, da yake tana bisa hanyar da ta haɗa biranen nan biyu, direbobi ma ba sa bari wutar ta mutu da wuri.

Su wa ke ci a wurin? Ɗan ƙwadagon da ya wuni a gonar wani, da ɗan acaɓa, da gwauron da ba shi da mai ɗora masa tukunya, da baƙon da dare ya yi masa, da malamin firamaren da wata ya yi masa nisa. Wannan na ƙarshe ma sau da yawa bashi yake ci, mai shayi na riƙe da lissafin a ka har albashi ya fito. Ku gaya mini otal ɗin da zai yi wa malamin firamare haka.

Sa'an nan ku bi sawun kuɗin. Waken ƙosan nan a gonakinmu aka noma shi. Man gyaɗar, matan gari ne suka matse shi, tunkuzar kuma ta zama ƙuli-ƙulin da mai tsire yake dakawa. Geron fura namu ne, nonon na Fulanin da ke rugar bayan gari ne, naman na mahautanmu ne. Nairar da ka ba mai waina tana iya zaga hannu biyar ba ta bar garin ba, daga nan ta shiga adashi, ta zama kayan ɗakin yarinya ko kuɗin maganin tsohuwa. Wata Baturiyar Ingila mai nazarin tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa littafi a kan ƙauyen a 1972, inda ta nuna irin cinikin da matan kulle ke gudanarwa daga cikin gidajensu, yara na kai kayan waje, cinikin da idon hukuma ba ya gani. Abin dariya, ko in ce abin kuka, shi ne muna haddace sunanta don mu ci jarrabawa, amma matan da ta ƙetaro teku ta zo ta yi nazari a kansu, waɗanda iyayenmu ne, muna jin kunyar a gan mu tsugune gaban kaskonsu.

Yanzu mu koma ga Tailan ɗin da ake yi mana gori da ita. Darajar abincin titinsu ba daga sama ta faɗo ba. Tun zamanin Firayim Minista Phibunsongkhram, wanda ya hau mulki a 1938, gwamnatin ƙasar ta shiga kiran jama'a su ci taliyar shinkafa su kuma sayar da ita, har soyayyar taliyar nan da ake kira pad thai ta zama tambarin ƙasa. A 2002 wata gwamnatin ta fito da shiri na musamman don gidajen abincin Tailan da ke ƙasashen waje su ƙaru daga kimanin 5,500 zuwa 8,000, saboda ta gane cewa wanda ya ɗanɗana girkinka zai nemi shinkafarka da yajinka, wata rana ma ya sayi tikitin jirgi ya zo ƙasarka. Kasuwar Chatuchak ta Bankok, mai rumfuna dubbai, wadda ke ci Asabar da Lahadi, haka ta zama wurin da baƙo ba ya barin birnin bai taka ba. A ƙarshen 2017 kuma kamfanin Michelin na Faransa, wanda tauraronsa shi ne babbar lambar yabo ta masu girki, ya ba wata dattijuwa da ake kira Jay Fai tauraro ɗaya, alhali a kan garwashi take suya, a wani ɗan shago na bakin titi.

Kada a ɗauka can aljanna ce. A watan Afrilu na wannan shekara ta 2017 hukumar birnin Bankok ta ba da sanarwar za ta kwashe masu abinci daga gefen tituna da sunan tsabta da tsari. Su ma suna da manyan da warin talaka ke damu. Bambancin shi ne, da aka yi sanarwar sai 'yan jarida da malaman jami'a da sauran masu ilimi suka yi ca, har hukuma ta sassauta a wasu unguwanni. A nan kuwa, in aka kori mai ƙosai, ɗan boko ne ke fara tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar shinkafa. Shekara da shekaru buhun shinkafar Tailan yana sauka a tashar Kwatano, ya ratsa Nijar, ya biyo ta Maraɗi, ya shigo mana ta wajen Jibiya, muna kiranta 'yar gwamnati, muna kiran tamu 'yar Hausa da muryar raini. Tun a Jamhuriya ta Biyu shigo da shinkafa ya zama sana'ar manya, har gwamnatin Shagari ta kafa kwamiti na musamman a kansa ƙarƙashin Umaru Dikko. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da ita kuɗin waje, a watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamba 2020, duk da haka ba ta daina ɓullowa a kasuwa ba. Ashe ke nan manomin Tailan ya ci kuɗinmu da rana, da dare kuma mu ƙona datarmu muna kallon matarsa tana suya. Na waje ya samu riba biyu, na gida ya samu harara.

Mu kuwa me muka yi wa namu? Yaƙi da Rashin Ɗa'a da aka ƙaddamar a 1984 ya rushe rumfuna ya tarwatsa masu talla a birane, kamar dai talauci ƙazanta ce da tsintsiya za ta share. A ƙarshen Agusta 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta dakatar da sayar da dabbobi a wasu kasuwanni, ciki har da ta Caranci da ke kusa da mu, ta kuma taƙaita hawan babur da dare. Babu mai hankalin da zai yi musun cewa rai ya fi ciniki, amma wa ya tsaya ya tambayi mai tsire inda zai samo nama? A farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, tsabar naira ta ɓace, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya, ga tsohuwar da ko asusun banki ba ta da shi. Ba a farfaɗo ba sai ga janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin niƙa da na mota suka yi tashin gwauron zabi. Duk wannan guguwa ta bi ta kan kasuwar dare, ba ta mutu ba, sai dai ƙosan ya ƙanƙance.

Na san hujjar da za a kawo, domin na sha jin ta: ƙazanta. Za a ce ƙuda, za a ce ruwan wanke kwano ɗaya tun magariba, za a ce naɗe tsire a takardar siminti. Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, Katsina na cikin jihohin da suka ji jiki. To, amma cutar nan ta ruwa ce. Matar da ke sayen ruwa jarka-jarka a wurin ɗan garuwa, yaya za a yi ta zubar da shi bayan kowane kwano? A ba ta famfo tukuna, sa'an nan a tuhume ta. Ƙasar Singafo, wadda ba ta da nisa da Tailan, ta sha fama da irin wannan matsala. Sai ta yi wa masu abincin titi rajista, ta gina musu rumfuna masu ruwa da lantarki da magudana tsakanin 1971 da 1986, ta sa duba-gari su riƙa zagayawa. A Disamba 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a tasu cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Mu kuwa ga makarantar koyon aikin lafiya nan a Kankiya, tana yaye matasa kowace shekara. Me zai hana su riƙa zagaya kasuwannin dare suna koyar da rufe abinci da wanke hannu, da harshen da ɗa ke yi wa uwarsa magana?

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ba kuwa zan kauce mata ba: yara mata masu talla da dare. Yarinya 'yar shekara goma da ke ɗauke da faranti har ƙarfe goma sha ɗaya, gobe gyangyaɗi za ta yi a aji, in ma ta je. Ga kuma miyagun samari da ba sai an faɗi abin da suke nema ba. Wannan ɓarna ce, duk wanda ya kare ta bai yi wa ƙannensa adalci ba. Sai dai masu cewa a rufe kasuwar gaba ɗaya ba su taɓa gaya mana abin da uwar yarinyar za ta ci ba. In an hana dandali mai haske da idon jama'a, tallan lungu zai koma, inda babu mai gani. Abin da zai cire yarinya daga kan titi shi ne a sami rumfa tsayayyiya inda babba zai zauna, ko dattijuwa ko yayan yarinyar, matan gida su aiko da girkinsu a sayar musu bisa amana, a kuma tsayar da lokacin da za a ce kowane yaro ya koma gida. Masu unguwa da limamai sun isa su tsayar da wannan, in har an je an same su da ladabi.

Aikin wa ke nan? Ba sai mun yi dogon bincike ba. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da kula da su, da mayanka, da tashoshin mota, da makewayin jama'a, da sa ido a kan wuraren sayar da abinci. A faɗin ƙasar nan ɓangaren yankan rasit ne kaɗai ba a taɓa mantawa da shi ba. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, saboda haka muna da bakin tambaya. Rijiyar burtsatse ɗaya, da fitilun sola shida ko takwas, da daɓen siminti, da makewayi biyu, da ramin shara: duk wanda ya taɓa riƙe fayil a sakatariya ya san wannan bai kai kuɗin motar babban mutum guda ba.

Ku yayyenmu ma'aikata, ku ne ke rubuta takardun da ciyaman ke sa wa hannu. Jumla ɗaya da za ku saka a cikin kasafin baɗi ta fi dogon turancin da kuke yi a majalisar mai shayi. Mu kuma ɗalibai 'yan yankin Kankiya da Kusada da Ingawa, muna da ƙungiyoyi waɗanda aikinsu bai wuce walimar yaye 'yan ajin ƙarshe da buga kalanda ba. Ina ba da shawara a hutu mai zuwa mu raba kanmu gunduma-gunduma, mu fara da Dudunni. Mu ɗauki littafi da biro, mu zauna da kowane mai sayarwa bayan isha'i, mu rubuta abin da yake sayarwa, da inda yake samun ruwa, da nawa yake biya na rasit, da mutum nawa ke ci daga kaskonsa. Mu haɗa takardar da Hausa, mu karanta wa masu ita su gyara mana, sa'an nan mu kai wa kansila da dagaci kwafi ɗaya ɗaya, mu sa ranar da za mu dawo jin amsa.