Hannun da Ya Zana Jarumi Yana da Suna

Mu da muka tashi a Bagudo mun san aikin Jack Kirby tun kafin mu san sunansa. 'Yan kasuwar da ke ƙetarawa ta Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin sukan dawo da tsoffin mujallun zane na Faransanci a cikin kayan gwanjo. Ba ma jin Faransanci, amma labarin bai taɓa shige mana duhu ba. Ga dunƙulallen hannu kamar zai faso takarda ya same ka a hanci, ga jarumi ya ware ƙafafu kamar ɗan dambe, ga baƙaƙen ɗige-ɗigen nan da ke nuna ƙarfi yana tartsatsi. Zanen kaɗai ya ishe mu.

Shi ya sa ranmu ke ɓaci idan muka ji ana cewa "jaruman Stan Lee". Kirby, haifaffen New York a 1917, shi da Joe Simon suka ƙirƙiro Captain America a 1940. Shi ya zana Fantastic Four a 1961, shi ya zana Black Panther a 1966. A kamfanin Marvel na lokacin, Lee kan ba da gundarin labari a taƙaice, Kirby ya tsara shi shafi-shafi, sannan Lee ya sa maganganu a bakin mutanen. Silver Surfer ma Lee bai san da shi ba sai da ya gan shi a takarda.

Masu kare Lee za su ce shi ya ba jaruman baki, shi ya tallata su. Mun yarda. Amma ladan Kirby kuɗin shafi ne, ba shi da kaso a abin da ya ƙirƙira. Sai a 1987, bayan doguwar jayayya, aka mayar masa da kimanin shafi 2,000 na ainihin zanensa. Ya rasu a 1994. Disney ta sayi Marvel a 2009 a kan dala biliyan 4, iyalansa kuwa sai da shari'a ta kai ƙofar Kotun Ƙolin Amurka aka sasanta da su a 2014. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Kada mu yi saurin zagin Amurkawa. Ɗauki littattafan Hausa goma daga kantin da ya fi kusa da kai. Sunan marubuci na nan da manyan baƙaƙe, har da jerin godiya ga ƙawaye da abokai. A nawa ka ga sunan wanda ya zana bangon? Alhali bangon ne ya fara tsayar da mai saye.

Mu masu rubuta manhaja laifinmu ya fi girma. Sana'armu ce ta haifar da injunan da ake ɗura wa zanen mutane ba da izininsu ba, har yau kowa zai iya cewa "yi min irin na Kirby" ya samu cikin daƙiƙa. Marubutanmu sun fara haɗa bango da su, mai zanen da a da ake biya kaɗan yanzu ko kiransa ba a yi.

Buƙatarmu ba ta da yawa. Duk littafi ko mujallar da ta ɗauki zane, har da wannan da kuke karantawa, ta rubuta sunan mai shi a inda ido zai gani, ta yi yarjejeniya da shi a rubuce, ta kuma biya shi duk lokacin da aka sake bugawa. Wanda ya yi amfani da inji ya faɗa. Edita, a fara daga fitowa ta gaba.