Sori Ba Ta Jiran Amsa

Wata Asabar da damina, a kan idona, wani matashi a kan babur ya faɗa kududdufi ya watsa wa wani dattijo taɓo tun daga hula har takalmi. Ko sassautawa bai yi ba. Ya dai waiwayo ya ce, "Sori, Baba!" ya ƙara wuta. Dattijon ya tsaya yana duban farar babbar rigarsa, da gani ɗaurin aure za shi. Ni kuwa na wuce ina juya kalmar nan da aka jefa masa kamar an jefa wa kare ƙashi.

Sorry tsohuwar kalma ce. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce mutanen Ingila sarig suke cewa, tushenta kuwa sar, wato ciwo ko miki. Daga wannan tushe ne sore ta fito, wadda har yau suke kiran wurin da ke zugi da ita. Mutane da yawa sun ɗauka 'yar sorrow ce, wato baƙin ciki, alhali kama ce kawai, kama da wane kuwa ba wane ba ce. Ashe a asali mai faɗinta cewa yake yi abin ya yi masa ciwo. Ba a ma zo maganar laifi ba.

Shi ya sa ba na bin masu yi mana dariya don mun ce wa wanda ya yi tuntuɓe sori. Bature zai yi mamaki ya ce ai ba kai ka ture shi ba. Mu sannu muke nufi, kuma a nan mun fi shi kusa da tushen kalmarsa.

Inda nake da ja shi ne yadda muka bar kalma ɗaya ta haɗiye biyar. Hausa ta raba su: sannu ta mai ciwo ce, gafara dai ta mai neman hanya, sai yi haƙuri, sai na tuba, sai ka yafe mini. Ko yi haƙurin ma ina da 'yar magana a kanta, don wanda aka cuta shi take ɗora wa aiki. Amma ka yafe mini tana da nauyi. Dole ka tsaya, ka sunkuyar da kai, ka jira, domin mutumin yana da ikon cewa bai yafe ba. Sori ba ta jiran amsa. Ana faɗinta ana tafiya.

Masu harshen kansu sun san ba wasa ba ce in aka faɗe ta da gaske. A Ostireliya an daɗe ana ƙwace 'ya'yan mutanen asali daga hannun iyayensu, har wajen 1970. Firayim Minista John Howard ya ƙi furta kalmar da sunan gwamnati. A 1999 iyakarsa ya nuna takaici. Sai ranar 13 ga Fabrairu, 2008 magajinsa Kevin Rudd ya tashi a majalisa ya faɗe ta, tsofaffin da aka raba da uwayensu suna zaune suna hawaye. A lardin Ontariyo na Kanada kuma, sai da aka yi doka a 2009 cewa ban haƙuri ba amsa laifi ba ne a shari'ar diyya, don likita ko direba ya iya buɗe baki ba da tsoron lauya ba.

A gidana yanzu, duk yaron da ya fasa kofi ya ce, "Sori, Baba," nakan tambaye shi: sannu yake yi wa kofin, ko gafara yake nema? Autan yakan yi shiru yana kallon ƙasa, can sai ya je ya ɗauko tsintsiya.