Kafin ka biya kuɗin wayar hannu, duba butloda

1/
Samarin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, yau da mu nake. In za mu sayi wayar hannu, kyamara muke dubawa, da batir, da ko sikirin ya tsage. Abin da ke tsare kuɗinmu kuwa ko tambayarsa ba ma yi: butloda.

2/
Butloda ita ce ƴar manhajar da ke fara tashi in ka kunna waya. In a kulle take, sai ta tabbatar Android ɗin da ke ciki yana ɗauke da sa hannun kamfani kafin ta bari ya tashi. Tun Android 7 na 2016 Google ya tsaurara wannan binciken. In a buɗe take, duk abin da aka cusa mata za ta tayar.

3/
A wannan wayar ce za ka saka OPay ko Moniepoint, ka rubuta BVN da NIN, ka riƙa karɓar lambar sirri ta banki. Kuɗin makarantarka a ciki, amma ba ka san wa ya saka manhajar ba. Haba!

4/
Ga yadda nake dubawa. Kashe wayar ka kunna a gaban mai sayarwa. In gargaɗi ya fito kafin tambarin kamfani, karanta shi. A yawancin wayoyi masu injin MediaTek, irin su Tecno, Infinix da itel da yawa, za ka ga "Orange State". Ma'ana a buɗe take.

5/
Shiga Settings, About phone, danna Build number sau 7. Koma Developer options ka nemo OEM unlocking. In ya dushe yana cewa an riga an buɗe, magana ta ƙare. In kunne yake kawai, izinin buɗewa aka bayar. Ka tambaya: wa ya kunna, don me?

6/
Buɗe Play Store, Settings, About, ka ga ko Play Protect ya ce wayar certified ce. In Samsung ce, shiga Download mode ka duba layin WARRANTY VOID. 0x0 lafiya. In 1 ka gani, an taɓa cusa mata manhajar da ba ta kamfani ba, Secure Folder ya mutu, kuma babu filashin ɗin da zai mayar da shi.

7/
Ƴan kwamfuta, ku haɗa waya da laftof, a fastboot ku rubuta fastboot getvar unlocked. Wannan ya fi abin da Settings ke nunawa ƙarfi, don wayar da aka yi wa rut tana iya yin ƙarya.

8/
Za a ce maka "ai filashin kawai aka yi mata". To me ya kawo filashin ɗin? Wata manhajarta ce ta lalace. Wata ta sata ce, wata ta bashi ce ba a gama biya ba. Danna *#06# ka gwada IMEI da na kwali.

9/
Buɗe butloda ba laifi ba ne, mai waya yana da ikon wayarsa. Sayar da ita a buɗe ba tare da faɗa ba, wannan algus ne. Mai shago, ko a Farm Centre kake a Kano ko a kasuwar Babura, faɗi aibin kayanka ka rage kuɗi.

10/
Wanda ya hana ka minti 5 na dubawa, ajiye masa wayarsa ka yi gaba. Ku tura wa duk wanda ke shirin sayen waya.