Wa Ya Ba Ku Izinin Tona Asirin Mai Neman Magani?

Da ku nake, ma'aikatan jinya na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, maza da mata, musamman waɗanda bakinsu ba ya iya riƙe abin da idonsu ya gani a wurin aiki. Yaro ya shekara uku yana haɗiyar taramol, ya rame, har ya fara faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Uwarsa ta sayar da akuyarta, ta kawo shi asibiti da sassafe don kada maƙwabta su gan su. Kafin la'asar labari ya riga su komawa unguwa. Wanda ya auna masa jini ya rubuta a katinsa, shi ne ya zauna a teburin mai shayi ya ce, "Kun san wa aka kawo mana yau?" Wannan cin amana ne tsagwaronsa, kuma ya kamata mai yin sa ya ji kunyar farin kayan da ke jikinsa.

Na san uzurorinku, don an sha kawo su. Wani zai ce ai bai ambaci suna ba. A Tsafe ko Bunguɗu ina ake buƙatar suna? Da ka ce ɗan mai injin niƙa na bayan firamare, ka gama faɗa. Wata za ta ce maigidanta kaɗai ta gaya wa, ta manta cewa maigidan yana da majalisa, majalisar kuma kowa a cikinta yana da gida. Mafi muni su ne masu fakewa da addu'a. Majinyaci yana cikin azabar rabuwa da ƙwaya, yana gumi, yana amai, yana kakkarwa, sai a ɗaga waya a ɗauke shi hoto, a sa a WhatsApp a rubuta "Allah Ya shirya mana zuri'a." In shiriyarsa kike nema, Sista, yi masa addu'a a sujadarki, ba wanda zai hana ki. Hotonsa kuwa ba naki ba ne, kuma ranar da ya warke hoton yana nan a wayoyin mutanen da bai taɓa sani ba.

Ku dubi yawan mutanen da wannan ɗabi'a take shafa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. A Arewa maso Yamma, inda Zamfara take, kusan mutum miliyan 3 ne. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Da aka tambayi waɗanda shaye-shaye ya fi yi wa katutu me ke hana su neman magani, manyan abubuwan da suka ambata su ne tsada da tsangwama. Tsada sai gwamnati. Tsangwama kuwa akwai kasonku a ciki, domin mutum ba ya tsoron allura kamar yadda yake tsoron a ji.

Mata su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Tun kafin BBC ta fitar da rahotonta kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018, gwamnatin tarayya ta biyo baya da hana sarrafa shi da shigo da shi a maganin tari, kowa a arewa ya san kwalbar ta shiga ɗakunan matan aure da 'yan mata. Yarinya ta yi ta maza ta gaya wa yayarta, aka kai ta asibiti, ta daina, ta koma makaranta. Bayan shekara biyu manemi ya fito. Dangin miji suka tura gwaggonsa bincike, ita kuma ta san inda za ta. Ta sami nas a gida bayan magariba, ta zauna a tabarma, aka gaisa, ta rage murya: "Sista, tsakaninki da Allah, ɗiyar wane ta taɓa kwanciya wurinku?" Nas ta yi ɗan shiru, ta ce, "Hajiya, ni dai ba a bakina ba, amma ku ƙara bincike." Shi ke nan, an fasa aure, yarinyar ba ta san daga ina aka jefe ta ba.

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ya fi hirar mai shayi wuya. Nas ɗin tana ganin ta yi abin da addini ya ce, an nemi shawararta a kan aure ta ƙi rufe gaskiya. Amma ta wace ƙofa ta san abin da ta sani? Ba maƙwabtaka ce ta nuna mata ba, ba zumunci ba. An buɗe mata ciki ne saboda aikinta, bisa sharaɗin cewa maganar za ta tsaya a ɗakin. Ajiya ce aka ba ta, ba ta da ikon yin kyauta da ita ko da niyyarta ta alheri ce. Addinin da take kafa hujja da shi, shi ne ya yi umarni da rufa wa Musulmi asiri, ballantana wanda ya tuba ya nemi magani. Amsar da ta dace guda ɗaya ce: "Hajiya, abin da ya shafi wurin aiki ba na magana a kansa, ko a kan wa aka tambaye ni." Kuma dole ta riƙa faɗin haka a kan kowa, har wadda ba ta taɓa taka asibiti ba. In wata rana ta ce "a'a, ba ta taɓa zuwa ba," wata rana ta yi shiru, to shirun nata ya zama amsa.

Sannan ku tuna inda kuke. A Gusau aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, ta fara aiki a Janairun 2000. A jihar nan maye ba abin kunya ba ne kaɗai, abin hukunci ne. Ga kuma halin da ake ciki na 'yan bindiga, inda ake kama masu kai musu ƙwaya daji, kuma zargi kaɗai ya isa ya jefa mutum cikin bala'i. Saurayi daga wani ƙauye a yankin 'Yandoto ko Kwatarkwashi, in aka fara cewa ɗan ƙwaya ne, ba wuya wani ya ɗora da cewa infoma ne. Kalmar da kuka saki kuna dariya a ɗakin hutu tana iya zama sanadin ran mutum.

Ina masu gudun bakinku suke zuwa? Mai hali ya ɗauki ɗansa ya bi hanyar Sakkwato, fiye da kilomita 200, zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ko ya nufi na Barnawa a Kaduna. Wani don ƙwararrun likitoci ya je, wani kuwa don can ba wanda ya san shi. Marar hali ya koma kemis, ko ya kai yaro gidan mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, sannan aka sake ganin irinsa a Daura a watan Oktoba. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu saboda shaye-shaye. Ban ce ku kaɗai kuka jawo wannan ba. Amma duk uban da ya zaɓi mari a kan gadon asibiti don tsoron tonon silili, akwai alhakinsa a wuyan wanda ya koya masa tsoron.

In kunya ba ta hana ku ba, akwai doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi majinyaci sirri ne: ciwonsa, maganinsa, har ma kasancewarsa a asibitin. Ba a fitar da shi sai da amincewarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko buƙatar iyaye ko waliyyi in yaro ne ko wanda ba zai iya yanke wa kansa shawara ba, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Gwaggon ango ba ta cikin wannan jeri. Mai unguwa ba ya ciki, ɗan siyasar da ya samar maka aiki ma ba ya ciki. Sashe na 29 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun, ga wanda ya kwafi bayanan majinyaci ko ya kutsa cikinsu ba da izini ba. Mai ɗaukar katin wani hoto da waya ya karanta wannan da kyau. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Amurka tun 1975 ta ware wa masu jinyar shaye-shaye ƙa'ida ta musamman, wadda ta hana cibiya ko da amsa cewa wane majinyacinta ne sai da yardarsa, ɗan sanda ma sai ya zo da umarnin kotu. Dalilinsu shi ne namu: mai tsoron a kama shi ko a kore shi daga aiki ba zai zo ba.

Yanzu na juyo kanku, shugabannin asibitoci da manyan sistoci masu kula da ɗakunan jinya, don laifinku ya fi na yaranku. Uwa ta share hawaye ta kawo ƙara, sai ku kira ta ofis ku ce, "Baba, a yi haƙuri, za mu ja mata kunne." Ba takardar tuhuma, ba kwamiti, ba abin da ya shiga fayil. In abin ya yi tsami, a yi wa mai laifi canjin wurin aiki zuwa wani asibitin ƙauye, ta tafi da bakinta ta ci gaba, kamar mutanen ƙauye ba su da asiri. Wani lokacin kuma hukuncin ya sauka a kan ɗalibar da ta zo koyon aiki ko mai shara, babbar da ta fara sakin maganar ta tsira don tana da uwa a gindin murhu. Ma'aikata suna kallo, sun gane cewa makara da minti talatin ta fi tona asirin majinyaci tsada. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, wadda aka kafa da doka ta 89 ta 1979, tana da kotun ladabtarwa mai ikon dakatar da nas ko soke sunanta daga rajista. Ba za ta san abin da ya faru a Bunguɗu ba in ku kun binne shi a ofis. Ƙungiyar ma'aikatan jinya kuma ta tsaya wa ɗanta a saurare shi kafin a hukunta shi, wannan haƙƙinsa ne, amma kada ta zama garkuwar maci amana.

Kuma sashe na 29 ɗin nan da shugaban asibiti ya fara: shi doka ta ɗora wa tsare bayanai. Ku zaga ɗakunanku ku gani. Katuna a zube kan tebur, kowane mai jinya yana iya ɗagawa. Lokacin miƙa aiki a tsaya a kan gado a ɗaga murya, "wannan na ƙwaya ne," ga 'yan dubiya cike da ɗaki. Na san ma'aikata sun yi kaɗan, nas ɗaya tana kwana a kan gadaje masu yawa, albashi ba ya kai wata. Gwamna Dauda Lawal da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024. To amma kabad mai makulli da labule tsakanin gadaje da rage murya ba sa jiran kwangila.

Akwai wani ɓangaren da ake nuƙu-nuƙu a kansa. Shaye-shaye ba ya tsallake ma'aikatan lafiya, allurar penta ta kama wasu a cikinsu. In aka ga lissafin allurai ba ya cika, a karɓe makullin kabad ɗin magani daga hannun wanda ake zargi nan take, a bincika, a rubuta, don rayukan marasa lafiya suna hannunsa. Amma daga ranar da ya zauna gaban likita ya zama majinyaci, fayil ɗinsa ba na ɗakin hutu ba ne. A hukunta satar magani a fili bisa ƙa'ida, a bar jinyarsa tsakaninsa da likitansa.

Kowace shekara kwalejin koyon aikin jinya ta Gusau da kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe suna turo ɗalibai asibitoci. A aji an gaya musu sirrin majinyaci wajibi ne. A ɗakin jinya suna zaune a gefe suna jin manyansu suna caccakar wadda aka sallama jiya, kuma abin da suka ji a nan shi za su ɗauka. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wanda nasa ba ya riƙe magana ya nemi wata sana'a tun kafin a ba shi lasisi.

Ku kuma iyaye da 'yan uwan da aka tona wa asiri, ku daina karɓar "a yi haƙuri" da baki. Ku rubuta ƙara, ku sa rana da lokaci da abin da aka faɗa da wanda ya ji, ku miƙa wa shugaban asibiti, a buga muku hatimi a kwafinku. In an yi shiru, ku kai ma'aikatar lafiya ta jiha a Gusau, ku aika kwafi ga majalisar kula da aikin jinya a Abuja.