Wa Zai Ba Da Labarin Anka Da Gummi Da Bukkuyum?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya fito daga yammacin Zamfara ya zo jami'a ya san irin tambayar da akan tare shi da ita da zarar ya faɗi sunan garinsu. In ya ce Anka ko Bukkuyum, sai a ce, "Af, can inda dalma ta kashe yara?" In ya ce Gummi, sai a ce, "Yaya kuke fama da 'yan bindiga?" Ba mu ga laifin masu tambayar ba, domin iyakar abin da aka nuna musu ke nan. Laifin yana wuyanmu, mu da muka yi ilmin zamani amma muka raina sana'ar ɗaukar hoto da ta wasan kwaikwayo, muka bar wa wasu aikin nuna wa duniya ko mu su wane ne.

Sau biyu cikin 'yan shekarun nan duniya ta juyo da idonta wajenmu. Na farko a 2010 ne, lokacin da aka gano cewa ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje tana ɗauke da gubar dalma. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Baƙi suka zo da na'urorinsu suka ɗauki hotunan kaburbura, kuma mun gode musu, gama hotunan nan sun taimaka wajen matsa wa gwamnati har aka share ƙasar Bagega a 2013. Na biyu kuwa a watan Yuli na 2022 ne, sa'ad da BBC ta fitar da shirinta na bincike a kan shugabannin 'yan bindigar Zamfara. Wanda ya shiga daji ya yi hira da su ɗan ƙasar nan ne, Yusuf Anka, kuma a lokacin ɗalibi ne mai karatun lauya. Wannan ya isa ya nuna mana cewa aikin bai fi ƙarfin ɗalibi ba.

To, amma ƙasar da ba a ɗaukar hotonta sai ranar makoki, ai za a ɗauka ba ta san ranar suna ba. Ina shirin da ya nuna fadar Sarkin Zamfara na Anka da tarihin daular da Gobirawa suka ci birninta a ƙarni na 18? Ina wanda ya bi masunta da manoman fadama a gulbin Zamfara har Gummi? Ina wanda ya zauna da 'yan kama da 'yan gambara, da makaɗan dambe da na noma, ya ɗauki tashe da kalankuwa tun ba su ɓace ba? Muryar Narambaɗa da ta Ɗanƙwairo sun iso gare mu ne domin wani ya damu ya ɗauke su a faifai. Yanzu rashin tsaro ya watsa ƙauyuka da yawa, tsofaffin da suka san waƙoƙi da tarihin gidajen sarauta suna zaune a gudun hijira, kuma kowane ɗaya da ya kwanta dama yakan tafi da abin da ke kansa.

Abin da ya hana mu wannan aiki sananne ne. An rene mu a kan cewa mutumin kirki sana'a ɗaya yake riƙewa, ya zama akawu ko malamin makaranta ko likita, ya zauna a kujera ɗaya har ya yi ritaya. Wanda aka gani yau a dandali yana wasa, gobe yana riƙe da na'urar ɗaukar hoto, jibi yana rubuta labari, sai a ce ba shi da alƙibla. Alhali kuwa in muka duba waɗanda suka gina wannan fanni, kusan dukansu masu sana'a goma ne. Marigayi Adamu Halilu ya daɗe yana shirya wa gwamnatin Jihar Arewa finafinan wayar da kai, irin waɗanda motar majigi take yawo da su ƙauye ƙauye, kafin ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, soja ne, kuma zaman bariki ne ya ba shi Samanja da Hausarsa ta sojoji. Can a Nijar, Umaru Ganda ya yi yaƙi a Indocina cikin rundunar Faransa, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya fito a fim ɗin Jean Rouch, sannan ya koma gida ya zama mai shiryawa da kansa, har fim ɗinsa ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972.

Hikimar da ke cikin wannan ita ce, shirin gaskiya da wasan kwaikwayo Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda ya taɓa tsayawa gaban taro ya san inda hankalin mai kallo yake gajiya, ya san lokacin da ya kamata a yi shiru. Wanda kuma ya zauna a zaure da tsoho yana jiran ya saki jiki ya yi magana, in ya zo rubuta wasa ba zai sa wa manomi Hausar ofis a baki ba. Tun cikin shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka gane haka, suka riƙa fita Samaru da ƙauyukan kewayen Zariya, su saurari matsalolin mutane tukuna, sa'an nan su shirya wasa a kansu tare da mutanen. Mu yi tunani: da a ce muna da irin wannan ƙungiya a 2010, mai shiga kasuwar Bagega da ta Nasarawar Burkullu tana nuna wa iyaye da harshensu yadda ƙurar da ke tsakar gida take shiga cikin yaro, ashe da ba a rage yawan kaburburan nan ba?

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu abin dubawa ce. Wasu za su ce aikin yana da haɗari. Gaskiya ne. A watan Agusta na 2022 Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talbijin ta Ƙasa ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda nata shirin a kan 'yan bindiga, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka nuna na BBC, bisa zargin cewa an ɗaukaka masu laifi. Ba kuma za mu ce wa kowa ya shiga daji ba. Amma yawancin abin da muke kira a ɗauka yana nan cikin gari, a bakin kakanninmu. Wasu kuma za su ce wannan sana'a ba ta dace da ɗan mutunci ba. Sai mu tuna musu da cewa fitaccen ɗan Gummi, Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, bai raina na'urar zamani ba. Ta gidan rediyon Kaduna karatunsa ya shiga ko'ina, kuma saboda an ɗauka a kaset ne har yau ake jin muryarsa. Na'ura kamar wuƙa take, abin da mai ita ya yanka da ita shi ne abin tambaya.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomin nan uku, a Sakkwato da Gusau da Talatar Mafara da Zariya da Kano, su ware wani abu daga kuɗin da ake kashewa a bikin ƙarshen shekara, su kafa kwamitin ɗaukar tarihi da wasanni. Wayar da ke aljihunmu ta isa a fara da ita. Kowane hutu, kowane ɗalibi ya dawo da hirar awa guda da wani dattijo ko makaɗi ko ungozoma, bayan ya nemi izininsu. A kuma kula da ajiya ƙwarai, gama shi kansa Shaihu Umar sai da ya yi shekaru da dama ana zaton ya ɓata, kafin a gano shi a Jos, a gyara, a sake nuna shi a Balin ta Jamus a 2018. 'Yan'uwanmu ma'aikata da ke ofisoshin watsa labarai da na al'adu kuwa, muna roƙonsu su buɗe wa waɗannan samari ƙofa, su ba su ɗakin ajiya da fili a gidajen rediyo da talbijin na jiha.

Daga ƙarshe, in mun ga ɗan'uwanmu mai karatun lauya ko na aikin gona yana gwajin wasa da yamma, ko yana yawo da na'ura a kasuwa, kada mu yi masa dariya. Mu tambaye shi abin da yake bukata. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu ga ranar da za a faɗi Anka da Gummi da Bukkuyum a tuna da wani abu ban da makoki.