Ɗauka Ba Ta Sangarta Jariri

Kwanan baya na je barka gidan wata ƴar'uwa. Muna zaune a falo jariri ya tsala kuka a uwarɗaka, mai jego ta yunƙura, sai wata baƙuwa ta riƙo zaninta: "Ƙyale shi, kar ki saba masa da hannu." Yaron da ko arba'in bai yi ba! Uwar ta koma ta zauna, idonta na kan ƙofa, nono har ya jiƙa mata riga.

Maganar tsohuwa ce, amma yanzu ta samu ƙarfi a waya, inda ake koya wa matan aure su kwantar da jariri a ɗakinsa, su ja ƙofa, su bar shi ya yi ta kuka har barci ya kwashe shi. Wanda ya fi shahara da irin wannan horo shi ne Richard Ferber, likitan yara a Boston ta Amurka, da littafinsa na 1985. Shi ɗin ma yaron da ya kwana biyu a duniya yake nufi, mai watanni, kuma cewa ya yi a riƙa leƙa shi. Mu da muka ari abin sai muka ɗora wa ɗan sati uku.

Jariri bai san makirci ba. Cikinsa ƙarami ne, nono kuma ba ya daɗewa a ciki. Barcinsa yana zagayowa kusan duk minti 50, na babba kuwa kusan minti 90, don haka farkawar dare halittarsa ce. Kukan ma yakan kai ƙarshen tsananinsa wajen sati shida, daidai lokacin da mai jego take dawowa daga wankan gida, babu uwa babu goggo kusa. Sai ta ɗauka ita ce ta ɓata yaron.

Abin da ya fi ba ni haushi, a wurin iyayenmu na Afirka aka koyi darasin. A 1954 Mary Ainsworth ta zauna a Yuganda tana shiga gidajen ƙauyukan da ke kusa da Kampala, tana lura da yadda uwa ke amsa kiran ɗanta. Ta ga yaron da ya tabbata za a zo masa shi ne mai ƙarfin zuciyar rarrafawa ya yi nisa da uwar yana wasa. Daga baya a Baltimore, a 1972, ta nuna cewa jariran da ake saurin ɗauka su ne kukansu ke raguwa kafin su cika shekara. A Montreal ta Kanada kuma, a 1986, an gano ƙarin ɗauka ya rage kukan ɗan sati shida da kashi 43 cikin 100. Zani da majanyin kakanninmu ke nan.

A addinance ma ai ya tabbata Manzon Allah (SAW) yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. To wace ce ke da za ki riƙe zanin mai jego?

Na san uwa tana gajiya, kuma gajiyar ce ke kai wasu ga ɗura wa jariri maganin mura mai sa barci, abin da kan iya danne masa numfashi. A nan laifin maigida ne da ya kwashe filonsa ya koma turaka tun ranar suna, wai gobe akwai aiki. Malam, ba ka da nono, amma kana da kafaɗa. Daren yau in ta gama shayar da shi, karɓe shi ka jijjiga, ka kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro, ita ma ta samu ta runtsa.